Gida, Kufai da Kushewa: Tsarin Iyali da Matsayin Mutane a Tsohuwar Ƙasar Katsina

A ƙasar Katsina, kamar sauran ƙasar Hausa, gida shi ne ma'aunin farko na zaman jama'a. Da gida ake ƙidaya mutanen gari, a da ta hannun mai gida ake karɓar haraji, kuma sunansa ake tambaya idan ana son sanin asalin mutum. Gidan da ake nufi fili ne kewaye da katanga ko danga, mai mashiga ɗaya, wanda zai iya ɗaukar mai gida da matansa, da 'ya'yansa maza masu aure da iyalansu, wani lokaci har da ƙannensa da barorinsa, a zamanin da kuma da bayinsa. Yadda aka raba wannan fili, wa ke kwana kusa da ƙofa, wa ke can ƙurya, rumbun wa ya fi girma, duk suna faɗin matsayin mazauna gidan a tsakaninsu, da matsayin gidan a cikin gari. Tarihin wannan tsari ana haɗo shi ne daga abin da aka tono a ƙasa, da abin da matafiya da masu bincike suka rubuta, da kuma gidajen da ke tsaye har yanzu a garuruwa irin su Sukuntuni, a yankin Kankiya da Kusada.

Fasalin gidan Bahaushe Musulmi sananne ne. Zaure ne ke fuskantar hanya. Nan mai gida ke karɓar baƙi, nan ake cin tuwon dare da maƙwabta, nan malami ke ba da karatu, baduku ko maɗinki kuma ya yi sana'arsa. Ƙofar shiga zaure da ta wucewa ciki ba sa kallon juna, domin kada idon mai wucewa ya faɗa cikin gida. Bayan zaure akwai filin da ake kira ƙofar gida, inda ɗakunan samari da na baƙi suke, da turken doki ko na jaki. Daga nan sai shigifa, sannan cikin gida, inda kowace mace take da ɗakinta, mai gida kuma da turakarsa idan yana da hali. Can murhu yake, da turmi, da dutsen niƙa, da rumbuna, makewayi kuma a ƙuryar da ta fi nisa. Idan 'ya'ya maza suka yi aure sai a yanka musu sassa, kowane sashe da ɗan shingensa, amma zauren na kowa ne.

Iyakar inda mutum zai iya shiga ita ce ma'aunin kusancinsa da gidan. Baƙo namiji zaure ne iyakarsa, amini yana iya kaiwa shigifa, cikin gida kuwa sai mata da yara da muharramai. Yawan matakan da ke tsakanin hanya da ɗakin matan gida shi ma yana nuna ƙarfin mai gidan. Talakan ƙauye zai iya zama da zauren kara guda, ko ma babu, matarsa ta fita rijiya ta je daji itace. Attajiri yana da zaure biyu ko uku. Basarake kuwa sai an ratsa soraye da dogarai kafin a kai gare shi. Kulle kansa abu ne mai tsada. Wanda zai tsare matansa a gida dole ya haƙa rijiya a ciki ko ya sayi ruwa, ya sayi itace, ya kuma samu wanda zai yi aikin gonar da za su yi. Saboda haka doguwar katanga shaidar addini ce, shaidar wadata ce kuma.

Akwai wani abu da ke rikita mai neman auna arzikin gida da kayan da ke cikinsa: kayan ɗakin mace ba na miji ba ne. Jeren ƙorai da tasoshi, daga baya kuma samiru da fantekoki, iyayenta ne suka yi mata, kuma idan aure ya mutu da abinta take tafiya. Ɗakuna biyu a gida ɗaya na iya bambanta ƙwarai alhali mai gida bai fifita kowa ba, sai dai ɗaya 'yar masu hali ce. Uwargida tana gaba da amarya a girma da faɗa-a-ji, amma sau da yawa ɗakin amarya ya fi cika.

Kayan gini su ma suna da darajoji. A ƙasa akwai ɗakin kara da jinkar ciyawa, sai zagayayyen ɗakin ƙasa mai jinka, sai soro mai rufin ƙasa. Soro yana buƙatar azara, wato giginyar da aka tsaga, wadda gara ba ta cika ci ba. Azara ba ta ɗaukar nauyin rufi idan tazarar ta wuce kimanin mita 2, don haka duk ɗakin da ya fi haka faɗi sai an yi masa ginshiƙi ko bakan gizo, wannan kuwa aikin gwanayen magina ne, waɗanda ke ƙarƙashin Sarkin Magina. Mafi shahara a cikinsu shi ne Babban Gwani Muhammadu Durugu, wanda ya gina masallacin Juma'a na Zariya a ƙarni na 19. Ana shafe bango da makuba, da ake samu daga kwasfar ɗorawa, a dafe rufi da laso, wanda ake haɗawa da katsin marina. Duk da haka ginin tubali sai da yaɓe kusan kowace shekara kafin damina. Gidan ƙasa yana faɗin halin da mai shi yake ciki a bana ne. Basaraken da aka tuɓe, ko attajirin da ya karye, ba a daɗewa zankayen gidansa sun zube, rufin soro ya rufta.

Wannan ne ya sa binciken tsoffin gidaje a ƙasar Hausa yake da wuya. Tubali daga ƙasa aka yi shi, ƙasa kuma yake komawa. Azarar tsohon gida ba a barinta, cire ta ake yi a kai sabo. Ƙasar rusasshen bango ma kwaɓa ta ake yi a sake gini, ko a kwashe ta a kai gona. Abin da ke saura a kufai shi ne ɗan tudu, da kududdufin da aka ɗebi ƙasar gini, da tsingaro, da dutsen niƙa, da kashin tama inda aka yi ƙira, da ramukan marina waɗanda lasonsu ya hana su rushewa, sai kuma kukoki, waɗanda manomi ya san duk inda suka taru a daji an taɓa yin gari. Waɗannan suna nuna girman gari da sana'o'insa, amma da wuya su nuna inda ɗakin uwargida ya ƙare na amarya ya fara. A Kufan Kanawa, a yankin Damagaram na Nijar, Anne Haour ta yi tono ta nuna cewa garin mai ganuwa ya rayu tsakanin wajajen 1300 da 1650, kuma akasarin shaidar da ta dogara da ita tukwane ne.

Kwatanci da wata ƙasa mai nisa yana fito da bambancin. Mutanen Cinuk, da ke bakin kogin Kolumbiya a arewa maso yammacin Amurka, a da suna gina dogayen gidajen katako, iyalai da yawa a ƙarƙashin rufi ɗaya. Matafiyan nan Lewis da Clark sun ƙirga gidaje 14 a garin Cathlapotle a 1806, suka ƙiyasta mutanensa 900. Kenneth Ames da abokan aikinsa sun tono wannan gari da wani wurin da ake kira Meier, inda gida ɗaya mai tsawon kimanin mita 30 ya yi wajen shekara 400 ana zaune a cikinsa. Da yake ana ta gyara gidan a kan ramukan ginshiƙansa na asali, kuma ana ajiye abinci da kaya a ramuka ƙarƙashin daɓe, masu bincike sun iya bin gidan kashi-kashi, suka kwatanta kayan da ke kowane ɓangare. Manya suna can ƙarshen da ya fi nisa da ƙofa, bayi da marasa ƙarfi suna bakin ƙofa. Ma'aunin ya yi kama da na Hausawa, amma a can sarki da bawa suna ganin juna dare da rana a ɗaki ɗaya, a nan kuwa bango ne ke raba su, bangon kuma shi ne abin da ruwan sama ke fara cinyewa.

Shaida mafi ƙarfi a kan darajojin mutanen da a ƙasar Katsina daga kaburbura ta fito. Durɓi ta Kusheyi tana ƙasar Mani, kimanin kilomita 32 gabas da birnin Katsina, kuma a wurin akwai tuddan kushewa aƙalla 8. Tarihin baka yana danganta su da Durɓawa, gidan sarautar da jerin sarakunan Katsina ke farawa da shi, daga Kumayau zuwa Sanau, wanda labari ya ce Korau ya kayar a kokawa ya kashe. Baturen mulki H. R. Palmer ne ya fara tona wurin a 1907, da goyon bayan Sarkin Katsina Muhammadu Dikko, wanda shi kansa ya riƙe sarautar Durɓi kafin ya hau karaga. Kayan da aka samu a wannan tono sun salwanta, bayanin da aka bari a kansu kuma kaɗan ne. A 1959 aka sa wurin cikin wuraren tarihi na ƙasa. A 1992 wani ayarin Jamusawa ƙarƙashin Dierk Lange na Jami'ar Bayreuth ya tona tuddai 3. An ɗauke abin da ke cikin kaburburan dunƙule da ƙasarsu aka ajiye a gidan tarihi na Jos, a 2007 kuma aka kai su wani gidan tarihi a birnin Mainz na Jamus domin a tsabtace su a nazarce su. An dawo da su Najeriya a 2014.

Kowane tudun da aka tona mutum ɗaya ne a tsakiyarsa. An same su da mundaye da ƙarau na tagulla, da awarwaron hauren giwa, da duwatsun wuya na gilashi da na jan dutse, da wuri, da ragowar tufafi da fata da itace. A ɗaya daga cikin kaburburan akwai kayan ado na zinariya da kwanon ƙarfe da aka ƙera a ƙasashen Musulunci na Gabas ta Tsakiya. Awon sinadarin kabon ya kai ɗaya daga cikin kaburburan farkon ƙarni na 14, salon ƙirar kayan wani kuma ya nuna ƙarshen ƙarni na 15 ko farkon na 16. Shi kuwa wuri da aka samu a kaburburan abin lura ne. Daga tekun Indiya yake zuwa, kuma Tarihin Kano ya ce sai a zamanin Sarki Muhammadu Sharefa, a farkon ƙarni na 18, wuri ya shigo ƙasar Hausa. Ke nan mutanen Durɓi sun yi ado da shi ƙarnoni kafin ya zama kuɗin cefane, lokacin da mallakarsa kaɗai ta isa ta bambanta mutum da sauran jama'a. Tara ƙasar tudu guda ma aiki ne na hannaye da yawa, kuma wanda aka yi wa shi yana da ikon da ya sa aka tara masa mutane bayan ransa.

Sai dai kushewa ƙololuwar al'umma kaɗai take nunawa. Ba ta faɗin komai game da gidajen da suka noma geron da ya ciyar da masu tara ƙasar. Kuma babu hujjar da za ta ɗora sunan wani sarki na cikin jerin a kan wani tudu, duk da sha'awar da ake da ita ta yin hakan. Abin da shekarun suka nuna ya fi wannan amfani. Muhammadu Korau, wanda ake ɗauka Musulmin farko a sarautar Katsina, ya yi mulki a kashi na biyu na ƙarni na 15, Shaihu Al-Maghili kuma ya ziyarci Kano da Katsina a farkon shekarun 1490. Kabari na baya-bayan nan a Durɓi ya yi zamani da waɗannan, ko ma ya biyo bayansu. Binne manya da dukiyarsu bai tsaya rana ɗaya ba, kuma tsohon gidan bai ɓace ba: Durɓi ya ci gaba da zama cikin masu zaɓen sarki, tare da Ƙaura da Galadima da 'Yanɗaka, a Katsina da kuma Maraɗi, inda tsoffin sarakunan Katsina suka kafu bayan jihadi.

Da Musulunci ya kafu sai kabari ya daina bambanta mutane da kaya. Sarki da talaka likkafani ɗaya ne, fuska alƙibla, ba munduwa ba kwano. Mai binciken kufai ya rasa babbar shaidarsa daga nan, dole ya koma ga gida da gari. Birnin Katsina ya rubuta darajojinsa a fasalinsa. Fada, wato Gidan Korau, tana da filinta a gaba, manyan masu sarauta suna da gidajensu da barorinsu a kewaye, ƙofofin gari ma huɗu daga cikinsu sunayen sarautu suke ɗauke da su: Ƙofar Ƙaura, Ƙofar Durɓi, Ƙofar 'Yanɗaka da Ƙofar Marusa. Unguwanni sun bi asali ko sana'a ko malami, kamar Masanawa, unguwar Waliyyi Ɗan Masani. Heinrich Barth, da ya zo a 1851, ya ƙiyasta kewayen ganuwar mil 13 zuwa 14, amma mutanen da ya tarar a ciki ba su wuce 7,000 zuwa 8,000 ba, domin kasuwanci ya riga ya karkata Kano bayan yaƙe-yaƙen jihadi. A lokacin mafi yawan filin cikin ganuwar gonaki ne da kufai.

Fadar da aka fi nazarta ta wannan fuska ita ce Gidan Rumfa a Kano, wadda Muhammadu Rumfa, da ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499, ya kafa. Heidi Nast, a littafinta na 2005, ta haɗa taswira da hira da mazauna fadar ta nuna cewa cikin gidan sarki, inda namiji baligi ba ya shiga, ba wurin zaman banza ba ne. A da sa-ɗakoki suna da muƙamai da darajoji a tsakaninsu, suna kula da rumbunan hatsin da ke shigowa daga ƙasa, har da marinar cikin fada a hannun mata take. Wanda zai ga zanen fadar kawai ya ce mazauna ƙurya su ne marasa iko, ya yi kuskure.

A karkara kuwa ginshiƙin gida shi ne gandu. Uba da 'ya'yansa maza masu aure, ko wa da ƙannensa bayan rasuwar uba, suna noma gona ɗaya daga safe zuwa azahar, hatsin ya shiga rumbun gandu, daga ciki ake fitar da awo. Mai gandu shi ke biyan haraji a zamanin da ake karɓarsa, ya ba da iri da kayan aiki, ya yi wa ɗa auren fari. Kowane ɗa yana da gayaunarsa da yake nomawa da yamma, abin da ya samu nasa ne. Kafin zuwan Turawa masu hali suna ƙara hannaye da bayi, wasu a cikin gida, wasu a rinji, su ma da gayaunarsu. Baba ta Karo, wadda Mary Smith ta wallafa tarihin rayuwarta a 1954, ta bayyana irin wannan rinji na danginta. 'Ya'yan da bayi suka haifa a gida, wato cucanawa, matsayinsu ya ɗara na sayayyen bawa. A gidajen Maguzawa, irin wanda Murray Last ya zauna a ciki a kudancin Katsina wajajen 1970, tsarin ya bambanta: gida babba ne a tsakiyar gonakinsa, ba kulle, mata suna noma, suna da rumbunansu.

Rumbu ya fi bango faɗin gaskiya a ƙauye. Polly Hill ta yi bincike a Batagarawa, kudu kaɗan da birnin Katsina, a 1967, ta fitar da littafinta a 1972. Ta kasa gidajen manoma 171 kashi huɗu, bisa yadda mutanen garin da kansu suke ganin ƙarfin kowa na jure shekarar da amfanin gona ya yi ƙaranci. Gidaje 17 ne suke da rarar da za su taimaki wasu, 41 kuma yunwa na kama su duk shekara. Mai ƙarfi yana riƙe hatsinsa har bazara da tsakiyar damina lokacin da farashi ya hau, yana da taki, yana ɗaukar 'yan ƙwadago. Mara ƙarfi yana sayar da nasa da kaka da arha, ya koma yi wa wani aiki lokacin da gonarsa ke jiran noma, gandunsa kuma shi ke fara watsewa, domin ɗa ba ya zama a ƙarƙashin uban da ba zai iya yi masa aure ba. Duk wannan bambanci yana faruwa ne tsakanin gidajen da daga waje kusan kamarsu ɗaya. Gindin rumbu, duwatsun da ake ɗora shi a kai don gudun gara da laima, na cikin 'yan abubuwan da ke jure zamani a kufai, yawansu da faɗinsu a sashe guda kuma ya fi tsingaro nuna wadata.

Sana'a wani mataki ne na daban. M. G. Smith, a nazarinsa na 1959 kan darajojin Hausawa, ya nuna masu sarauta a sama, sai malamai da attajirai, sai manoma da yawancin masu sana'a, mahauta da maroƙa kuma a ƙasa, ya kuma bambanta sana'ar gado da wadda mutum ya shiga da kansa. Wannan jeri ba ya bin dukiya sau da ƙafa, domin mahauci na iya fin malami kuɗi. Sana'o'in da ke barin alama a ƙasa kaɗan ne. Ƙira tana barin kashin tama, kuma a gindin Dutsen Dala a Kano an samu wurin narka tama da aka auna shekarunsa zuwa ƙarni na 7. Rini yana barin ramuka, ginin tukwane yana barin matoya. Saƙa da dukanci da malanta kuwa, duk da yawan masu yinsu, kusan ba sa barin komai.

Fasalin garuruwan tsakiyar Katsina na yau ya samo asali ne daga sauye-sauyen shekaru 200 da suka wuce. Bayan Ummarun Dallaje ya karɓi Katsina a 1807, tsohon gidan sarauta ya kafu a Maraɗi, hare-haren da suka biyo baya kuma suka tilasta wa mutane cunkushewa a garuruwa masu ganuwa. Da Turawa suka ci ƙasar a 1903 hari ya ƙare, sai gidaje suka bazu zuwa gonaki, unguwanni suka tsiro, wasu tsoffin garuruwa suka zama kufai. Dokar Gwamna Lugard ta 'yanta duk wanda aka haifa daga Afrilun 1901, a 1936 aka soke bauta baki ɗaya, rinji ya koma ƙauye kamar kowane. Kuɗin gyaɗa da auduga da cin rani sun ba samari hanyar yin aure ba tare da jiran uba ba. A 1979 gwamnatin Balarabe Musa ta soke haraji a tsohuwar Jihar Kaduna, wadda Katsina ke cikinta har 1987, ɗaya daga cikin nauyin da ke ɗaure ɗa a gandu ya sauka. Rabon gado yana ƙara yayyanka gonaki da gidaje. Alamun wadata su ma sun sauya: bulo da siminti, rufin kwano, ƙofar ƙarfe da mota za ta shiga, da rijiyar burtsatse. Masu gini da masu cike ramuka kuma suna ci gaba da kwasar ƙasar tsoffin ganuwoyi da tuddan kufai a kura da tifa, galibi kafin wani ya auna su ko ya zana taswirarsu.